Mahfuzu da Sandarsa ta Ajiya

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Madawa shekarun baya ya san rumfar Mahfuzu, ko da bai san sunan mai ita ba. Rumfar kwano ce bayan masu shayi, da teburin bilyar guda a cikinta, wasan nan na tura ƙwallaye cikin rami da sanda, wanda ƴan Najeriya ke ce ma sanuka. Tun daga nesa za ka ji ƙarar ƙwallayen, sau da yawa kuma ka ji muryar mai rumfar bisa ta kowa, yana yi ma wani faɗa don ya hau bakin tebur ya zauna.

Mahfuzu mutumin Garhanga ne, can ƙasar Kaita. Ubansa manomi ne, kakansa ma haka, gonarsu kuwa duwatsunta sun kusa fin ƙasarta yawa. Yana saurayi ya bi ƴan ci-rani zuwa Abijan kamar sauran samarin Adar. Abokan tafiyarsa suka kama talla da dako, shi kuwa ya samu aikin wanke-wanke a wani gidan abinci mai teburin bilyar. In ba kowa sai ya ɗauki sanda ya gwada. Patoron gidan, wato mai wurin, ya kama shi, maimakon ya kore shi sai ya ce su buga. Kafin shekara ta zagayo, in baƙo ya shigo yana cika baki, daga bakin randar wanke-wanke ake kiran Mahfuzu ya zo ya rufe masa shi.

Ya daɗe can. Ranar da ya dawo gida, tsaransa sun zo da atamfofi da keken ɗinki, shi kuwa doguwar jaka ya sauke, a cikinta sanduna biyu, kowace ana kwance ta gida biyu. Ɗaya mai nauyi ce, baƙin mariƙi gare ta, ita yake wasa da ita, har ya sa mata suna Baƙa. Ta biyu fara ce, ta ajiya. Ya ce irin waɗannan sanduna ba a saida su a Madawa ko Ƙonni, in zafi ya lanƙwasa Baƙa ko bakinta ya tsage, ba zai tsaya yana kallon mutane ba.

Ya samo tsohon tebur daga Ƙonni, ya kafa rumfa, ya auri Zuhura, suka haifi ɗiya suka sa mata Zali, wasu suka biyo baya. Masu zuwa wasa suna da nasu sandunan, na araha. Baƙa ba mai taɓa ta sai shi. Ta ajiyar kuwa ko rumfa ba ta zuwa, tana ɗaki rataye, yana sauko da ita jifa-jifa ya goge ya mayar. Mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani, amma a rumfarsa ba a caca, ba a zagin uwa, shi ya sa har malaman kolej da ƴan duwan, wato ma'aikatan kwastan, ke zuwa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa leƙa rumfar ba: yayansa Alƙasim, wanda ya riƙe gida da gona a Garhanga bayan rasuwar ubansu. A wurinsa, magidanci ya wuni yana bin ƙwallo da sanda abin kunya ne. In Mahfuzu ya kai masa taimakon taki ko iri zai karɓa ya yi godiya, amma bai fasa cewa, "Yaushe za ka kama sana'a?"

Da kakar wata shekara Mahfuzu ya je ƙauye ya ɗauko rabonsa na hatsi bisa moto, wato babur. A kan hanyar burji, wajen gangaren dutse, wani kamiyon albasa, babbar motar kaya, ya matse shi. Ya kauce, buhu ya rinjaye shi, suka faɗa kwazazzabo. Hannunsa na dama ya farfashe a gwiwa. Aka kwashe shi zuwa asibitin mishan, likita, wanda a can ake ce ma lokotoro, ya yi masa aiki, ciwon ya ruɓa, aka sake yin wani. Alƙasim ya bar sussuka ya zo ya yi jinyarsa, yana kwana a tabarma gefen gado, yana dama masa fura. Akwai kuma Jonatan, ma'aikacin ɗakin motsa gaɓoɓi da suke ce ma kine, wanda dama abokin wasan Mahfuzu ne, in ya samu hutu yakan hau moto ya zo Madawa su kara. Shi ya riƙa shiga yana fita a kansa har aka ceci hannun. Amma gwiwar ta ƙage, ba ta miƙewa, ba ta lanƙwasawa sosai.

Sai da zafi ya shigo aka sallame shi. Zuhura ta zo ɗaukarsa. Suna cikin mota, sun kusa gari, ta ce, "Baban Zali, kamin mu isa akwai maganar da za ni hwaɗa maka."

"Ina ji."

"Yaya ya saida tebur."

"Wane tebur?"

"Tebur nawa gare ka?"

Suka sauka tasha, Mahfuzu ya yi gaba. Ya zagaya bayan masu shayi. Rumfar tana nan, amma wata mata ce a ciki tana tuyar doya, sai sawun ƙafafun tebur a ƙasa. Masu shayi suka taso suna yi masa barka da arziki, bai amsa ma kowa ba. Da ya shiga gida ya tarar da tumaki ɗaure gindin bishiyar bedi, da rago ɗaya, suna tuƙa.

"Waɗanga hwa?"

"Su ne teburin," in ji Zuhura. "Yaya yas sawo su da kuɗɗin. Na ce mashi a jira ka tashi, yac ce mata ba su shiga maganag gidan maza."

Ranar maƙwabta sun ji abin da ba su taɓa ji ba. Ya zagi tumakin, ya zagi kamiyon albasa, ya shuri kwanon dusa har ya faɗa bayan katanga. Zuhura ta bar shi sai da muryarsa ta dushe, sannan ta shiga gidan maƙwabciya ta fito da naɗaɗɗiyar tabarma. Ta warware ta a gabansa. Jakar sanduna ce a ciki.

"Yaya ya neme su, nac ce ban san inda kab bar su ba. Allah shi gahwarta mani."

Wanda ya sayi teburin wani saurayi ne mai suna Halidu, mai gidan kallon ƙwallo a wata unguwa. Bai daɗe ba ya yi sallama a ƙofar gida. Ya gaida Mahfuzu da jiki cikin ladabi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Yaya Mahfuzu, da munka yi ciniki da Malam Alƙasim, cewa yay yi har da sandunan ga biyu."

"To tahi Garhanga shi ba ka."

"A'a, ba rigima tak kawo ni ba. Na yahe. Baƙa taka ce, riƙe ta ka riƙa tunawa. Ta ajiyar nike so ka saida mani. Nawa sandunan duk sun karkace, manyan mutane sun fara daina zuwa. Hwaɗi abin da kake so."

"In riƙa tunawa da mi?"

Halidu ya kalli hannun, ya kau da kai.

"Tashi ka ba ni wuri," in ji Mahfuzu. "Tashi tun ina ganin girman ubanka."

Ba Halidu kaɗai ba ne. Wani malamin kolej ya zo dubiya da lemo a leda, ya jajanta, yana tashi ya ce, "Wai har yanzu farar sandar nan tana nan?" Wani ɗan duwan ya aiko da saƙo. Har direbobin tasha, waɗanda ba su san kan sanda da gindinta ba, suna ba shi shawara: mutum mai hannu ɗaya, me zai yi da sanda biyu? Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne duk cikin tausayi suke maganar, da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan gaisuwar mutuwa. Ya gaya ma Zuhura cewa rabon gado ake yi, shi kuwa mamacin yana zaune yana kallo.

Amma in ya kaɗaita, ya san maganar ba ta banza ba ce. Hatsin da ya ɗauko ya zube a kwazazzabo, tsuntsaye sun ci rabonsu. Zuhura ce ke riƙe da gidan da ƙosan safe. Yakan sauko da farar sandar, ya haɗa ta, ya gwada jan hannun baya kamar zai buga, gwiwar ta tsaya cak, zafi ya harba har wuya. Sandar da ya ajiye don ranar da Baƙa za ta lalace, ga Baƙa lafiya lau, shi ne ya lalace.

Ya tambayi Zuhura abin da ta gani.

"In ka saida, za mu ga amfanin kuɗɗin, ban ɓoye maka ba," in ji ta. "In ka aje, ba mu mutuwa. Ni dai abin da nike so, ka bar yi ma tumakin ga tsawa. Ba su sunka kai kansu kasuwa ba."

Wata safiya ya sa farar sandar a jaka ya nufi unguwar Halidu, ya yanke shawara a gama. Yana kwanar layin ya jiyo ƙarar ƙwallaye. Ya san ƙarar teburinsa kamar yadda ya san tarin ƴaƴansa. Ya tsaya. Haushin Alƙasim ya dawo masa sabo. Ya juya, bai koma gida ba, ya wuce tasha ya shiga motar Kaita.

Ya tarar da Alƙasim a gona, yana jera duwatsu layi-layi don tare ruwan damina. Alƙasim ya miƙe yana murna, ya ce, "A'a, Mahfuzu! Jiki ya yi kyau ke nan?"

Mahfuzu ya jefa jakar a gabansa.

"Ga ta nan. Ƙarasa aikinka. Kai ta kasuwa ka sawo mani akuya."

Alƙasim ya dubi jakar, ya share hannu a riga. "Zamna mu yi magana."

"Yanzu kas san magana?"

"Kai kana kwance ba ka san inda kake ba, ni naj ji abin da lokotoro yac ce. Cewa yay yi wataƙila a yanke hannun. Tebur na can gara na ci, mai hili na neman hilinshi. In an yanke, ɗiyanka katako za su ci? Tumaki na haihuwa. Tebur na haihuwa?"

"Teburin ga shi yac ciyad da ɗiyana tun da anka haihe su. Shi yas sai maka takin da kaz zuba nan inda kake tsaye. Ran nan ba ka ce abin kunya ne ba."

"Ban taɓa son sana'ar ga ba, kuma ban taɓa ɓoye maka ba."

"To hwaɗi hakanan! Kak ka laɓe bayan lokotoro. Ka ga na hwaɗi, kac ce ga ranar da kake jira." Muryar Mahfuzu ta tashi har masu aiki a gonar kusa suka ɗago. "Hannuna yak karye, Yaya, ba bakina ba. Kullum kana gehen gadona kana ba ni hura a baki. Mi yah hana ka tambaye ni?"

Alƙasim ya ce, "Don na san abin da za ka ce."

"Ka sani, kuma kay yi."

"Na yi. Ko yau aka maido ni ranan nan, hakanan za ni yi. Ɗauki abinka, ni ba ni taɓa ta."

Da Alƙasim ya ba da haƙuri, ko na baki ne, da wataƙila maganar ta mutu nan cikin duwatsu. Bai bayar ba. Ya sunkuya ya ci gaba da jera duwatsunsa. Mahfuzu ya ɗauki jakar, ko ruwan gidan bai sha ba ya kama hanya.

Ran Asabar sai ga Jonatan bisa moto, shi ma da nasa fushin. Tun da aka sallami Mahfuzu bai koma kine ba ko sau ɗaya.

"Mun sha wahala mun ceci hannun ga," in ji shi tun bai kashe moto ba, "kai kuma kana nan zamne kana hwaɗa da dabbobi. Kawo shi in gani."

Ya kama hannun ya juya, ya matsa, ya sa shi ya buɗe yatsu ya rufe. Mahfuzu yana cije baki.

"Ba ni yi maka ƙarya, abokina. Hannun ga ba shi ƙara tura sanda. Amma yatsun na da rai. Ya iya kwanciya bisa tebur a aza sanda kanshi."

"Wa za shi tura ta? Kai?"

"Na hagun hwa? Ado kake da shi?"

Mahfuzu ya fizge hannunsa. "Ni? Da hurhurata in koma koyo kamar yaron goye? Mutanen da nike ci ina hira su tsaya suna yi mani dariya?"

"Za su yi kau. Ni ma sai na yi, don ka daɗe kana wulaƙanta ni bisa teburin nan."

"Hita mani gida!"

Jonatan ya tafi yana cewa ranar Talata yana jiransa a kine, in bai zo ba shi zai dawo.

Mahfuzu bai gaya ma kowa ba, amma da gidan ya yi shiru da hantsi ya jawo benci, ya jera lemun tsamin Zuhura a kai. Ya fara da Baƙa. Hannun hagu ya kasa riƙe nauyinta, bakinta yana rawa kamar jelar kare. Ya yi jifa da lemun. Daga baya ya haɗa farar. Ba ta kai Baƙa nauyi ba, abin da ya sa a da bai cika sonta ba ke nan, yana cewa ba ta da ƙarfi. Yanzu hannun hagu ya iya da ita. Lemun farko ya gangara gefe ya faɗi, tunkiya ta miƙo wuya ta shinshina. Na gaba ya tafi kusan miƙe.

Ya yi ta yi har Zuhura ta ce lemunta duk sun yi laushi. Ya fara zuwa kine, yana zagin Jonatan, Jonatan yana lanƙwasa shi. Da damina ta sauka, wata rana da la'asar ya ɗauki farar sandar ya shiga wurin Halidu.

Halidu ya taso da fara'a, ya ɗauka ciniki ya faɗa. Mahfuzu ya wuce shi ya tsaya bisa teburin. Ga ƙunar taba a gefen koren ƙyallen, ga tabon maiƙo kusa da rami.

"Wa yay yi wanga?"

Mahfuzu ya juya ga Halidu.

"Halidu, haka anka ce maka ana riƙon tebur? Jakai kake tarawa nan?" Ya biya kuɗin wasa kamar kowane baƙo, Halidu ya ce a'a, ya ce sai ya biya. Ya haɗa sanda, ya kwantar da hannun dama, ya ja da na hagu.

Sandar ta zame, ta goge ƙwallon a gefe, ya mirgina kaɗan ya tsaya. Wani ya yi dariya. Saurayin da suke karawa, wanda a da ko kusa da Mahfuzu ba ya tsayawa, ya cinye shi bai sha wuya ba. Suka sake, ya sake cinye shi. Daga baya wani ya ce, "Tsoho, ka saida sandag ga kawai ka huta."

Mahfuzu ya juya da sandar a hannu. Waɗanda ke wurin sun ce sun ɗauka kan yaron za ta sauka. Halidu ya shiga tsakani ya kori mai maganar waje. Mahfuzu ya tsaya yana huci, sannan ya kwance sandar a hankali, ya sa a jaka.

"Halidu, ji nan, kuma ka hwaɗa ma malamin kolej da ɗan duwan da duk mai tambaya. Wagga sanda ba ta saidawa ba ce. Ba yau ba, ba gobe ba. Wanda yaƙ ƙara yi mani maganatta, mun ɓata."

Washegari ya dawo, aka sake cinye shi.

Baƙa ce ya saida daga ƙarshe, wajen kaka. Ya ce ganinta rataye yana hana shi cin abinci. Halidu ya saya, da sharaɗi biyu da Mahfuzu ya kafa: ba mai shan taba kusa da tebur, kuma da hantsi kafin mutane su taru teburin nasa ne. Ranar da ya miƙa ta bai yi magana da kowa ba har dare, Zuhura ta hana yara shiga ɗakinsa.

Yanzu yana nan Madawa. Tumakin sun hayayyafa, shi ke kai su kasuwa in sun yi ƙiba, kuma ba ya son a ce masa shawarar Alƙasim ta yi rana. Wasansa bai koma kamar da ba, ba kuma zai koma ba. Yana cin samarin unguwa, Jonatan yana cinsa fiye da yadda yake cin Jonatan, in baƙo gwani ya zo daga Tawa ba shi ake kira ba. Garhanga kuwa sai gaisuwar mutuwa ke kai shi, ya yi addu'a ya juyo.

Bara Alƙasim ya kawo wake kasuwar Madawa. Da ya gama ya je gidan, Zuhura ta ba shi ruwa, ta gaya masa inda ƙanensa yake. Ya bi kwatance har wurin Halidu, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Bai taɓa ganin wasan da idonsa ba sai ranar. Mahfuzu yana sunkuye bisa tebur, ya gan shi, bai ɗago ba.

"Salamu alaikum," in ji Alƙasim.

"Wa alaikumus salam."

Alƙasim ya daɗe yana kallon ƙagaggen hannun kwance bisa ƙyalle, da na hagu yana kai da komo.

"Ashe har yanzu," ya ce.

"Ko ka shigo ko ka hita, Yaya," in ji Mahfuzu. "Ka tare mani haske."

Alƙasim ya cire takalmi kamar mai shiga ɗakin mutane, ya shigo ya zauna a ƙarshen benci.